Ƙarin da Muka Binne a Katagum

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san ranar kowa. Yau wata biyu da rasuwar yayata, Yaya Falmata. Ban zauna rubuta wannan don a yi min ta'aziyya ba, wadda aka yi ta isa. Na rubuta ne saboda wata farar roba mai murfi da aka miƙo min a ƙofar ɗakin tiyata aka ce in kai Kano, ni kuma na kai ta Katagum muka binne abin da ke ciki. Daga nan na yi wa yayata ƙarya sau biyu. Shekara ɗaya da 'yan watanni ina yawo da ƙaryar nan a ƙirjina, kullum ina cewa gobe zan faɗa mata in nemi gafara tun tana da rai, kullum ina fasawa.

Sunana Modu. Malamin firamare ne ni a Azare, Turanci nake koyarwa, kuma ku riƙe wannan don zai dawo. Iyayenmu daga Yobe suka zo suka zauna a Katagum, can aka haife mu. Ina shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, Yaya Falmata ta ɗauke ni ta taho da ni gidan aurenta a Azare. Ita ta yi min wanka, ita ta sa ni makaranta, ita ta yi min aure. Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Zara, wadda yanzu take aure a Sakwa, sai ta riƙe kanta da tsohuwar sana'arta ta turaren wuta da humra. Duk unguwarmu an san hancinta. Za ka shigo ka gaishe ta, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Ka biya ta wajen masu tsire ko? Ina nawa?” Ba a taɓa ɓoye mata abin da yake da wari ba.

Ciwon ya fara ne a ɓoye, yadda mata suke ɓoye irin wannan. Al'adarta ta rikice, jini ya ƙi ɗaukewa. Ni ban sani ba sai da matata ta ja ni gefe ta ce Yaya ta fi wata biyu a haka. A lokacin cikinta ya fara tasowa ta ƙasan cibiya. To, mace ce da ba miji, ga ciki yana tasowa, sai ku ƙiyasta abin da bakin mutane ya yi. Matan da suke zuwa sayen turare bashi su ne suka fara kallon cikinta kafin su kalli fuskarta. Wata ta ce basir ne, ta kawo sassaƙe. Wata ta ce tsohon ciki ne ya kwanta tun na marigayi, shekara biyar da mutuwarsa fa. Wata ta ce iska ce. Yaya ta sha duk abin da aka kawo, don ita ba ta iya mayar da hannun kyauta.

Ranar da jiri ya kayar da ita a kan kaskon garwashi na ce ya isa. Muka je wani asibitin kuɗi a cikin gari. Mun isa da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Aka yi hoton ciki, likitan ya juyo da allon ya nuna min wani abu da ban gane ba, ya ce ƙari ne a mahaifa, mata da yawa suna da shi, ba abin tsoro ba ne, a cire a huta. Ya ce da son samu ne a cire mahaifar gaba ɗaya. Yaya ta ce a'a, da abinta Allah Ya halicce ta, da shi za ta koma. Bai ja da ita ba, bai kuma yi mata wani bayani ba. Akwai mutane a layi.

Aka sa ranar aiki. Kawunmu, Alhaji Bukar, ƙanen mahaifiyarmu, ya taho daga Katagum. Shi kaɗai ne babban da ya rage mana, tsohon masunci ne, yanzu sayar da bandar kifi yake. In ya yi magana a gidanmu an gama, haka muka taso.

Aikin ya ɗauki kusan awa uku. Da aka gama, wata nas ta fito da baƙar leda mai nauyi, da takarda a naɗe, ta ce, “Ina masu Falmata? Ga kayanku. Ku kai Kano a gwada.” Shi ke nan abin da ta faɗa. Wallahi shi ke nan. Ba ta ce me za a gwada ba, ba ta ce don me ba, ba ta ce in ba ku kai ba ga abin da zai biyo baya ba. Ta juya ta koma ciki. Na buɗe takardar, rubutun likita ne irin wanda ba ka rabe harafi da harafi, na naɗe na sa a aljihu.

Kawu ya taɓa ledar ya ji roba, ya ji abu yana motsi cikin ruwa. Ya ce, “Mene ne wannan?”

Na ce, “Ƙarin da aka cire ne, Kawu. Wai a kai Kano.”

Ya janye hannunsa daga ledar. Sannan ya ce, “Naman 'yar'uwarka ne wannan, Modu. Jikin musulma. Ka ɗauka ka shiga mota da shi, ka miƙa wa wasu ƙatti su yayyanka, in sun gama su watsa a bola? Ciwo dai an cire shi. Gwajin na mene ne kuma, za a mayar mata da shi ne? Mabiyiya ma da take fita bayan haihuwa binne ta ake yi, balle wannan.”

Ni da na yi boko, me na ce? Na ce, “Haka ne, Kawu.” Kuma gaskiya ban ga laifin maganarsa ba a lokacin. Na ɗauka gwajin nan cika takarda ne kawai irin na asibiti. Har da guntun jin daɗi a raina cewa na huta da hanyar Kano.

Washegari da safe na shiga wajen Yaya na gaishe ta, tana kwance da ƙarin ruwa a hannu, na ce na tafi Kano kai saƙon likita. Na fito muka hau motar Katagum ni da Kawu. A bayan tsohon gidanmu, gindin katanga, inda Kawu ya ce nan aka binne mabiyiyarta ranar da aka haife ta, na haƙa rami. Shi ya kwance ledar, shi ya buɗe robar. Ni na kawar da kai, don ban iya kallon abin da ya fito daga cikin yayata ba. Wani wari mai hawa ido ya tashi daga ruwan maganin da aka jiƙa shi. Kawu ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya sa a rami, ya yi addu'a, na mayar da ƙasa. Da zan taho ya cusa min bandar kifi a jaka, ya ce a yi wa mara lafiya farfesu in ta fara cin abinci. Na biya gida na ajiye kifin, na wuce asibiti da yamma.

Ta ce, “Ka dawo? Ya Kano?”

Na ce, “Lafiya lau, Yaya. Sun karɓa.”

Ta kalle ni, ta lumshe ido. Bayan mako biyu ta tambayi sakamako, na ce sun bugo waya sun ce ba komai. Wannan ita ce ƙarya ta farko da jelarta.

Mun koma cire zare, mun koma dubiya sau biyu. Likitan nan ko sau ɗaya bai ce ina sakamakon gwaji ba. Ya duba ɗinki ya ce ya yi kyau. Wannan ba zan daina faɗa ba har in mutu, don ba ni kaɗai na yi sakaci ba.

Wata bakwai muka samu. Ta murmure, ta yi ƙiba, ta koma kan kaskonta. Kawu ya yanka rago na godiya. Na taɓa tambaya daga baya, kuɗin gwajin bai kai na ragon ba.

A wata na takwas jini ya dawo, cikin ya sake tasowa, wannan karon da sauri, ga ciwon baya da yake hana ta sujada. Muka koma wajen likitan nan. Sai a ranar ya buɗe fayil ya ɗaga kai ya ce, “Ina sakamakon Kano?”

Yaya tana zaune a gefena, mayafinta a kafaɗa. Nas biyu suna tsaye. Da na buɗe baki na ce mun binne, da a ranar zai tura mu gaba. Amma na hango kaina, malamin makaranta, ana kallona ana cewa ji jahili. Na hango Yaya tana gane na yi mata ƙarya. Sai na ji bakina yana cewa, “Sun ce ba komai, likita. Takardar ce ta ɓace.”

Ya gyaɗa kai ya rubuta. Ya ce tunda gwajin farko ya nuna lafiya, to ƙarin ne ya dawo, yakan yi haka. Ya rubuta maganin tsayar da jini da na ƙarin jini, ya ce mu dawo bayan wata biyu. Yaya ta miƙe. Ta gyara mayafi ta ce, “Mun gode, likita.”

Mako tara muka yi a kan wannan ƙaryar. Mako na farko jinin ya ragu, na ce alhamdulillahi, Allah Ya rufa min asiri. Mako na uku ta daina cin tuwo, sai kunu. Mako na biyar zoben hannunta ya zame da kansa ya faɗa cikin kwanon wanke hannu, ga ciki kuma ya fi na mai wata bakwai. Mako na shida Zara ta baro gidanta a Sakwa ta tare a ɗakin uwarta, mijinta kuwa, Allah Ya saka masa, bai taɓa cewa ta dawo ba. Mako na takwas aka ƙara mata jini leda biyu, ɗaya nawa, ɗaya na wani malami abokin aikina da ko saninta bai yi ba. Ina kwance ana jan jinina ina jin kamar na biya wani abu, alhali ban biya komai ba. Mako na tara likitan ya sake hoto, fuskarsa ta canza, ya rubuta mana takardar wani babban asibiti a Kano.

Kano ita ma da nata. Kwana huɗu muna bin layi kafin a buɗe mana fayil. Ka je wancan tagar, a ce ba nan ba ne. Ka dawo, a ce mai hatimi ya fita salla. Yaya tana kan benci ta jingina da Zara, ƙudaje na bin ta. Amma a can Allah Ya haɗa mu da wata likita, mace mai matsakaicin shekaru, ba ta da fara'a ko kaɗan, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi mana alheri irin nata ba. Ta karanta fayil ta tambayi sunan ɗakin gwajin da na kai naman. Na faɗi sunan da na gani buge a saman takardar da nas ta ba ni tun farko. Ta rubuta. Ta sa aka yi hoton da ake shigar da mutum cikin na'ura, ta sa ranar aiki cikin mako guda. Wannan karon ba a tambayi ra'ayin kowa ba, aka cire mahaifar da abin da ya kama a gefenta. Kuma ba a miƙo min wata roba ba, ita da kanta ta aika.

Bayan kwana goma sha biyu ta kira ni ofishinta ni kaɗai. Ta ce, “Malam, na sa an duba littafin ɗakin gwajin nan na shekara guda. Babu sunan yayarka. Ina ka kai naman?”

Na faɗa mata. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa. Na yi zaton za ta yi min faɗa, har so nake ta yi. Ba ta yi ba, ta dai cire tabarau ta murza idonta, ta ce ba ni ne na farko ba.

Sannan ta yi min bayanin da ba wanda ya yi mana a Azare, kuma bai ɗauke ta minti biyar ba. Ta ce naman jikin mutum iri biyu ne. Akwai wanda kake ba umarni, ka ce hannu ɗagu ya ɗagu. Akwai kuma wanda yake aikinsa bai tambaye ka ba, shi ne na hanji, na jijiyoyin jini, na mahaifa. Ƙarin da mata suka saba yi daga wannan naman na biyu yake fitowa, ya girma a wurinsa, ba ya zuwa ko'ina. Amma akwai wani, ba kasafai ake ganinsa ba, shi ma daga naman nan yake fitowa, a hoto kamarsu ɗaya, amma shi ciwon daji ne, yana bin jini ya tafi wani wuri. Ta ce ba yadda za a tabbatar wanne ne wanne sai an yanki naman an sa a ƙarƙashin madubin gwaji. Ta faɗi sunansa, na ce ta maimaita, na rubuta a tafin hannuna yadda na ji shi: layomayosakoma. Ta ce ya riga ya taɓa huhu.

Na ce, “Likita, don Allah ki faɗa min gaskiya. Da na kawo tun farko, da ta warke?”

Ta ce, “Ban sani ba. Mugun ciwo ne, wasu ko an kama shi da wuri yana dawowa. Amma da mun san shi, da ba a bar mahaifar ta ƙara wata guda a jikinta ba, kuma da muna bin ta da hoto. Abin da zan iya cewa ke nan.”

Da ta ce min e, da na san abin da na yi. Da ta ce a'a, da na samu barci. Wannan “ban sani ba” ɗin ita nake kwana da ita nake tashi har yau.

Da na kira Kawu na faɗa masa sunan ciwon, ya ce in sake faɗa a hankali. Na ce layo, mayo. Ya katse ni ya ce, “To ka ji. Laya da mayu. Su kansu likitocin sun faɗa, ni dama na san da hannu a ciki.” Ya aiko da rubutu jarka guda da hayaƙi. Yaya kuwa da Zara ta ba ta labari ta yi dariya har ɗinki ya yi mata zafi, ta ce ashe mayun ma sun yi boko.

Aka fara kemo, ƙarin ruwan da ake yi wa masu ciwon daji, duk bayan mako uku. Mu taso Azare da asuba, mu dawo da ita a kwance a kujerar baya. Kwana uku bayan kowane zuwa ba abin da yake zama a cikinta. Gashinta ya zube, Zara tana tsefe mata yana biyo matsefi tana ɓoyewa a bayan zani. Bakinta ya yi gyambo, ko kunu sai an bari ya huce. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne hancinta ya juya mata baya. Matar da ta yi shekara ashirin da wani abu a cikin hayaƙin turare, yanzu in maƙwabciya ta kunna garwashi sai ta yi amai. Muka kwashe kwalaben humra da buhunan itacen turare muka kai gidana. Ɗakinta ya koma ba ya ƙanshin komai sai maganin wanke ƙasa.

Zara ita ta yi jinya, ni ɗan aike ne. Ita take juya ta, ita take wanke ta, ita take shafa mata man zaitun a ƙafa in ta kumbura. Allah Ya ba ta 'ya'yan da za su yi mata. Masu dubiya kuwa kala-kala. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da take kawo kunun gyaɗa kullum ba ta zama, ta ajiye ta tafi, ita nake wa addu'a. Akwai masu zuwa su cika ɗaki su yi ta ba da labarin wance da ta yi irin wannan ciwon ba ta kai salla ba, a gaban mara lafiya. Akwai wanda ya ce min a masallaci ai laifin asibiti ne, ƙarfe ya taɓa ciwon shi ya sa ya haukace. Na ce masa haka ne. Na saba cewa haka ne.

Bayan zuwa na biyar aka sake hoto. Likitar ta ce maganin bai riƙe shi ba, na huhun sun ƙaru. Ta ce akwai wani da za a iya gwadawa, amma ba ta yi alkawari ba. Yaya ta ce a bar ta haka, ta gaji da hanya, a ba ta na rage zafi ta koma gida. Da za mu fita likitar ta riƙe ni da ido ta ce, “Ka faɗa mata maganar robar?” Na ce zan faɗa. Ta ce, “Ba ku da lokaci mai yawa, Malam.”

Duk da haka sai da na ƙara mako uku. Ina zuwa kullum bayan an tashi makaranta, in zauna a bakin gado, in shirya maganar tun daga hanya, in buɗe baki in ce ya jiki. Tari ya fara, numfashi ya gajarta. Wata ranar Laraba bayan azahar na tarar an jingina ta da filo uku, Zara ta fita shanya. Na ga in ban faɗa yau ba, to zan faɗa wa kabari.

Na durƙusa a ƙasa na ce, “Yaya, akwai abin da na yi miki. Robar nan ta aikin farko ban kai Kano ba. Katagum muka kai ni da Kawu, muka binne. Ba wani gwaji da aka yi, ba wanda ya bugo waya. Ƙarya na yi miki.”

Ta tara numfashi. Sannan ta ce, “Na sani.”

Na ɗago kai.

Ta ce, “Ka shigo min ranar kana warin bandar kifi, ka ce daga Kano kake. Yaushe Kano ta fara warin kifin Kawu? Ga ɗanyar ƙasa a farcenka. Ban damu ba, Modu. Ni ma da an tambaye ni cewa zan yi a binne. Wa ya faɗa mana amfaninsa?”

Na ce, “To ranar da likita ya tambaya fa, Yaya? Kin san ƙarya nake, me ya sa ba ki yi magana ba?”

Ta ce, “In ce me? In ce ƙanena maƙaryaci ne a gaban nas-nas? Ni na goya ka. Na ɗauka in mun fito za ka koma ka gyara. Na jira ka mako ɗaya, na jira biyu. Kullum ka shigo ina kallon bakinka.” Tari ya sarƙe ta, na miƙa mata ruwa ta ture. “Ta farkon ba ta yi min zafi ba. Ta biyun ta yi. Kana ganin ina ƙarewa, kana tsaron mutuncinka, ni ma ina taya ka tsaro. Mu biyu muka yi wautar.”

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na ce ta yafe min.

Ta ce, “Na yafe. Duniya da lahira na yafe, tashi daga ƙasa kada Zara ta shigo ta gan ka. Amma kada ka ce min ba komai, kuma kada ka bari wani ya ce maka ba komai. Da komai.” Ta rufe ido, na ɗauka ta gama, sai ta ƙara da cewa, “Ka faɗa wa Kawu, tunda kun fara binne ni a Katagum, ku ƙarasa a can.”

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, kanta a cinyar Zara, da kalmar shahada a bakinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Muka kai ta Katagum kamar yadda ta ce.

Ga wanda ya karanto har nan, abin da nake roƙo kaɗan ne. In an yi wa naka aiki aka miƙo maka abin da aka cire aka ce ka kai gwaji, ka kai a ranar. In babba ya ce a binne, ka roƙe shi ya bari a gwada tukuna, ka tambayi masu gwajin ko za a ba ku ragowar ku binne. Kada ka yarda da “ba komai” sai ka riƙe takarda a hannunka ka kai wa likita. Ku kuma ma'aikatan asibiti, don girman Allah, in za ku miƙa wa mutum naman ɗan'uwansa, ku tsaya ku faɗa masa don me. Ba kowa ne ya san abin da kuka sani ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a zauren Kawu, aka ce in shiga rumfar baya in ɗauko tabarma. A kan wani tsohon benci, cikin komatsan kamun kifi, na ga farar roba. Na gane ta. Ashe Kawu bai yar ba, ya wanke ta yana zuba ƙugiyoyin kifi a ciki, don roba ce mai kyau, murfinta yana kamawa. A kan murfin akwai filasta, ta yi datti amma rubutun yana nan. Murfin da na kawar da kai ban kalla ba ranar da Kawu ya buɗe. Sunan Yaya ne a sama, da baƙin biro. A ƙasansa, da jan biro, da manyan haruffan da ko ɗan aji uku zai karanta, an ja layi biyu, kalma ɗaya ce ta Turanci mai nufin a gaggauta.

Ashe likitan ya ga wani abu a naman da bai kwanta masa ba. Bai faɗa mana ba, ya faɗa wa murfi.

Na juye ƙugiyoyin a kan bencin na sa robar a jakata. Kalmar tana cikin littafin aji biyar, zango na biyu. Ni nake koyar da ita.